Faifan Dija

Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin babban hutu, a shekarar da nake aji biyar a lakwal, makarantar bokonmu ta Tibiri, hadari ya haɗo daga gabas tun da hantsi amma ya ƙi zubowa. Zafi ya cika aji, mun share tebura, mun tattara alluna da littattafai, muna jiran malaminmu, Mushe Isufu, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, ya karanta sakamako ya sallame mu. Ya karanta. Ni ce ta ɗaya, kamar bara, kamar bara waccan. Ya miƙo mini kyautata, wani ƙaramin ƙamus na Faransanci mai jan bango, aka tafa mini, na koma mazaunina. Ban gama shafa bangon ƙamus ɗin ba sai na ga ya sake buɗe jakarsa ya zaro wata farar takarda mai kusurwa huɗu. Ya zare abin da ke ciki, ya riƙe shi ta gefe da yatsu biyu, hasken taga ya faɗa kansa, launuka suka watsu a bango. Duk ajin ya san ko mene ne. Faifan ordinata ne, wato kwamfuta, wanda muke kira sede, irin wanda muka shekara muna layi don mu taɓa abin da ke cikinsa. Murna ta kama ni, na fara miƙewa tun bai buɗe baki ba. Sai ya ce, "Dija Buba, zo nan."

Na tsaya a haka, ban miƙe ba ban zauna ba, har wadda ke kusa da ni ta ja mini zane. Dija ta taso daga bencin da ke bayana, ta wuce ta gefena tana kallon ƙasa, ta sa hannu biyu ta karɓa. Mushe ya ce mata, da Hausa don kowa ya ji, "Ke ce za ki yi nisa cikin hutun nan. Duk garin da kuka sauka, in kin ji akwai ordinata, ki yi sallama ki roƙa. Ki gaya musu wannan ba ya zama cikin na'urarsu, ba ya taɓa musu komi." Aka tafa mata, tafin da ya fi nawa ƙarfi, har da buga tebur. Ni ma na tafa, ƙamus a hammata, idona na zafi.

Dija ba baƙuwata ba ce. Tabarma ɗaya muke kwana. Mahaifinta, Malam Buba, makiyayi ne, babana kuma shi ne mai masaukinsu tun kafin a haife mu. In an gama girbi sukan sauko da shanunsu gonarmu ta bakin fadama, shanu su ci kara su bar taki, mu ba su hatsi su ba mu nono, har ruwan farko ya sauka su koma arewa. Da Dija ta isa shiga lakwal, babana ya roƙi a bar ta gidanmu watannin karatu. Haka ta zama ta gida. Tare muke tashi mu share tsakar gida, tare muke zuwa rijiya, ita tana jan guga ni ina juyewa, tare muke daka, taɓarya biyu a turmi ɗaya, Inna tana gefe tana tankaɗe tana yi mana faɗan surutu. In mun gama mu zauna gindin giginya mu yi carafke har a kira mu ɗaukar hura. A duk wannan ni ce gaba. Ni na koya mata gaisuwar Faransanci, ni nake duba mata lissafi, in an tsokane ta a filin lakwal don harshenta ni nake ramawa. Ina son ta ƙwarai, kuma na saba da ganinta a bayana.

Ordinata ta shigo rayuwarmu ne a farkon shekarar nan. Mushe Isufu ya je wani horo Yamai ya dawo da wata tsohuwar na'ura ta hannu, baƙa, mai nauyi, wadda wani gefenta ya fashe aka ɗaure da salatif. Lakwal ba ta da wuta, don haka yakan kai ta gidan likita a sa mata caji a na'urar hasken rana, ya ɗauko ta da la'asar, mu taru ƙarƙashin bishiyar bedin da ke bayan aji. Abin da ke cikin na'urar kansa ba mu taɓa ganinsa sosai ba. Faifan yake sakawa, ya kashe ta ya sake kunnawa, ta yi ta ƙugi kamar ana niƙa a nesa, sai fuskarta ta canza gaba ɗaya. Ga wurin zane mai launuka, ga taswirar duniya da ake juyawa, ga wasan lissafi, ga wani wasa da haruffa ke zubowa daga sama, sai ka danna kowane kafin ya taɓa ƙasa. Ya ce mana abin da ya sa faifan ya bambanta shi ne bai zaɓi na'ura ba. Ta ofis ce ko ta hannu, sabuwa ko tsohuwa, ko wane irin tsari aka zuba mata, in dai tana da bakin faifai zai tashi. "Baƙo ne mai zuwa da tabarmarsa da guzurinsa," in ji shi. "In ya tashi tafiya, ko sawu ba ya bari." Gaskiya ne kuwa. Duk zanen da muka yi, in aka kashe ya tafi ke nan, mu yi ta ihu muna roƙo a bar shi, caji kuma ba ya jiran kowa.

A gindin bedin nan na fara sanin wani abu game da kaina da ban so ba. Hannuna ba ya ji. Ni da nake haddace shafi guda cikin safiya ɗaya, in na kama ɗan abin nan mai wutsiya da ake turawa a kan allo, wanda Mushe ke kira suri, sai kibiyar ta gudu ta ɓuya a kusurwa. In haruffa suka fara zubowa sai in tsaya ina tunani, ina tsoron kuskure, su taru su cika ƙasa, wasan ya yi wani ƙara na ba'a, yara su yi dariya. Dija kuwa, ranar da layi ya fara kawowa kanta, ta zauna ta goge hannu a zane, ta dubi madannan ɗan lokaci, ta fara. Ta yi kuskure, ta yi dariya, ta ci gaba. Kafin wata ya mutu yatsunta sun san hanya, ba ta ma dubawa sosai. Yara suka riƙa ba ta layinsu don su kalla. Har maza 'yan aji shida, masu raina mu, sukan tsaya a bayanta suna ƙirga mata da ƙarfi. Ni kuma ba ita nake kallo ba, Mushe nake kallo. Yakan naɗe hannu a ƙirji ya karkata kai yana murmushi, irin murmushin da ban taɓa samu ba duk da na ɗayan da nake yi. Ni yana yaba mini kamar mai cika alkawari. Ita yana kallonta kamar wanda ya tsinci abu a hanya.

Mushe bai riƙe faifan don kansa ba. Ya gaya mana waɗanda suka haɗa shi sun yarda kowa ya kwafa ya ba wani, ba sata ba ce, haka ma suke so. In ya je Dogon Dutsi karɓar albashi yakan sayo faifai marasa komi, ya zauna a barandar gidansa yana kwafa ɗaya bayan ɗaya, na'urar tana zafi yana yi mata fifita. Ya ba shugaban lakwal, ya ba malaman kolej, makarantar gaba da tamu, ya ba majo, shugaban gidan likita da ke ba shi caji, ya aika wa wani abokinsa malami a Geceme ta hannun direban motar kasuwa. Mu muna lura da tulin yana raguwa. Da ya rage guda, labari ya zaga cewa na ɗan aji ne. Ban tambayi kowa ba, don a ganina babu abin tambaya. Na riga na zaɓi inda zan ajiye shi, cikin kwallar Inna, ƙarƙashin zannuwan sallah.

Ranar Alhamis ɗin, hanyar gida ta yi mini tsawo. Yara sun kewaye Dija, kowa na roƙon ya ga fuskarsa a bayan faifan, ni ina tafe a baya ina buɗe ƙamus ina rufewa kamar mai neman wata kalma. Da muka shiga gida Baba yana zaure yana gyaran kalmensa na noma. Na miƙa masa ƙamus, ya juya shi, ya ce, "Madalla, Ramu, haka muka sani," ya ajiye a kan buzu. Da Dija ta nuna nata sai ya tashi ya wanke hannu, ya goge a riga, ya karɓa ta gefe yadda ta koya masa, ya ɗaga shi sama yana tambaya wai duniya duka tana cikin wannan ɗan abu. Ya kira maƙwabci ya gani. Inna, wadda ba abin da ke wuce ta, ta dube ni daga bakin murhu ta ce, "Ramu, fuskar nan taki ta fi hadarin can baƙi. Zo ki kama mini wuta." Da yamma Dija ta zo inda nake wanke ƙwarya ta miƙo mini shi ta ce in riƙe. Na ce hannuna da jiƙa. Ta ce in goge. Na ce ina da aiki. Ta mayar da shi cikin takardarsa.

Ruwa ya sauka bayan kwana kaɗan, mahaifiyarta ta zo ɗaukarta. Ta ɗinka wa faifan wata jakar fata mai igiya, Dija ta rataya a wuya ta cusa cikin riga. Na raka su har bakin gari, inda shanu suka riga suka kama hanya, jakuna ɗauke da ƙorai da tabarmi. Na yi mata sai Allah ya kawo ku, na juyo tun ba su ɓace ba.

Damina ta kama mu da aiki. Muka yi shuka, Baba yana sara mu muna bin sa muna zuba iri muna rufewa da diddige. Aka shiga noma, ni ce mai kai hura gona da hantsi, in ajiye ƙwarya a inuwar gawo in ɗauki ƙaramar hauya in shiga layi. Da rana in tsinko tafasa da yakuwa, in yi wa awaki ciyawa, in dawo da itace a kai. Jikina yana Tibiri, amma hankalina yana wani gari da ban sani ba, inda Dija ke zaune kan kujerar ofis mai taushi, fanka na kaɗa ta, manya na tsaye a bayanta. Haka nake ganinta kullum. In ƙaya ta soke ni sai in ce ita tana can tana juya duniya da yatsa. Na nemi hanyar kaina. Mushe ya tafi garinsu hutu da na'urarsa. Na yi wanka na je likita na gaida majo, na roƙi ko zai bar ni in taɓa tasu. Ya yi mini magana mai daɗi, ya ce faifan yana cikin durowa, na'urar kuma ta aikin rahoto ce, in dawo in an koma karatu. Na fito ina jin kunya kamar wadda aka kama da wani abu.

Sai na samo kwalin sukari a shagon unguwa, na buɗe shi, na zana madannan da alƙalamin bik yadda na tuna su, layi bisa layi. Inda na manta na bar fili. In na kai hura gona, kafin su Baba su gama sha, sai in zaro kwalin daga zane in ɗora a cinya in riƙa danna kalmomi daga ƙamus. Ƙanena ya gani ya kai labari gida wai Ramu tana yi wa kwali susa. Aka yi dariya har da Kaka. Ban daina ba. Ba don son abin nake yi ba a lokacin, don kada ta dawo ta tarar da ni inda ta bar ni ne.

Wajen tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya fara rufe mutum, wana Sani mai kabu-kabu ya kai wani fasinja Ɗan Kasari ranar kasuwa ya dawo da labari. Ya ce ya ga mutane sun taru a tagar ofishin malamin dabbobi, ya leƙa, sai ga Dijarmu zaune gaban ordinata, ƙafafunta ba su ma kai ƙasa ba, tana nuna wa wasu dattawan makiyaya inda Makka take da inda teku ya fara. Malamin dabbobin yana tsaye riƙe da ƙugu yana cewa shi dai kada a ɓata masa takardu, ita kuma tana ce masa ba abin da zai taɓu. Baba ya sa Sani ya maimaita. Washegari na ji shi a ƙofar masallaci yana ba da labarin, jibi na ji shi a gona yana ba masu gayya, kowane karo taron yana ƙaruwa a bakinsa. Abin da ya fi ci mini rai kalma ɗaya ce. "Ɗiyata ce fa," yake cewa, "a gidana take." Ranar na yini ina cirar ciyawa a cikin wake, tafin hannuna duk ya yi kanta. Na zauna bayan rumbu na yi kuka mai isata, sannan na wanke fuska na je na ɗora tukunya.

Su Dija sun dawo bayan an ɗaure hatsi, an riga an koma lakwal. Ina wurin sussuka da mata sai na ji kukan shanu daga fadama, kafin in ɗaga kai ga ta a guje. Ta yi baƙi, ta rame, ƙafafunta duk faso. Ta rungume ni da ƙarfi har muka kusa faɗawa cikin ƙaiƙayi. Na ji daɗin ganinta, ba zan ce ban ji ba, amma idona yana wuyanta, inda igiyar fatar ta yi duhu da gumi.

Da muka keɓe na tambaye ta ofisoshin da ta shiga, ina shirin jin abin da zai ƙona ni. Sai ta yi dariya ta ce ai yawancin daminar a daji suka yi ta, inda ko rediyo ba ya kamawa sosai. Garuruwan da suka ratsa, wasu ba ordinata, wasu akwai amma an kulle. Wani mai gadi ya kore ta da sanda, ya ce nono ake sayarwa a waje. Wata sakatariya ta karɓi faifan ta duba gaba da baya ta ce cuta zai sa wa na'ura. Sau kaɗan ne aka bar ta, na Ɗan Kasari ma sai da babanta ya kawo shanu allura ya sa baki. Sauran lokacin ƙannenta ne ke roƙo su yi madubi da shi. Na saurara, ina jiran in ji sanyi a raina, ban ji ba. Ni ƙofa ɗaya aka rufe mini na koma ga kwali. Ita an kore ta da sanda ta je ta buga ta gaba. Sai na tarar ina ƙyashin har korar da aka yi mata.

Ba ta gama ba. Ta ce rairayi ya shiga jakar ya karce faifan, ya fara tsayawa a tsakiyar aiki, ta tsorata kada ya mutu a hannunta. Da suka biyo ta Dogon Dutsi a hanyar dawowa, ta ga wani shago a bakin kasuwa, na wani saurayi mai gemu da ɗagaggen wando, yana cajin salula yana kwafar faifan wa'azi. Ta shiga ta roƙe shi. Ya ce shi ba ya kwafar kiɗa. Ta ce ba kiɗa ba ne, karatu ne, ya saka ya gani. Ya saka yana ɓata rai. Wasan lissafin ya kama shi, har masu karɓar waya suna sallama yana cewa su dakata. Ƙarshe ya kwafa mata biyu, ta ba shi ɗan man shanu a ƙoƙo, ya roƙi ya kwafi na uku ya riƙe don ƙannensa da duk mai so. Don kada su gauraya da na wa'azi, ya tambayi sunanta ya rubuta a kan kowane.

Ta buɗe jakar ta zaro ɗaya sabo fil ta ɗora mini a tafin hannu. "Wannan naki ne, Ramu," ta ce. "Tun a can nake cewa da kina nan da kin karanta musu sunayen ƙasashen daidai, ni ina ta kame-kame."

Na yi godiya. Abin da na yi wata da watanni ina mafarki ga shi a hannuna, ba karce ko ɗaya. Na juya shi. Da baƙin alƙalami, da manyan haruffa, an rubuta: NA DIJA.

Haka sunan ya bi shi. Saurayin nan ya ci gaba da kwafa, duk wanda ya sayi na wa'azi in yana da yara 'yan lakwal sai ya haɗa masa, wasu suka kwafa daga nasu, kuma kowa ya kwafa sai ya kwafi sunan, yana zaton sunan abin ke nan. Da sallar layya 'ya'yan gwaggona suka zo daga Dutsi da takalma masu ƙyalli, babbar ta jawo ni gefe ta ce za ta nuna mini wani abu da mu 'yan ƙauye ba mu sani ba. Ta zaro shi daga jaka ta ce, "Kin taɓa jin faifan Dija?" Dija tana tsugune a gabanmu tana wanke hanjin rago. Na buɗe baki in ce ga mai shi nan, sai na fasa, na kau da kai. Ƙanena ne ya faɗa, gida ya ɗauki shewa, aka sa 'yar birni ta gaida ta. Da labarin ya kai kunnen Mushe Isufu ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce shi ya kwafa da hannunsa bai wuce garuruwa biyu ba, yarinya da ƙoƙon man shanu ta cika Arewa.

Kwalin sukarin bai tafi a banza ba. Da muka koma gindin bedi yatsuna sun san inda haruffa suke, tsoron ma ya ragu. Wata la'asar, bayan sanyi ya wuce, na zauna a wasan haruffa na yi ta danna har na wuce inda Dija ta taɓa kaiwa. Na ɗago ina huci, ina neman fuskarta, ina so in ga ko da ɗan abin da na daɗe ina ji. Ita ce ta fara tsalle. Ta kama kafaɗuna tana girgiza ni tana kiran yara su zo su gani. Na bincika idonta sosai ban ga komi ba sai murna. Wannan ma ya ba ni haushi, na koma gida ban yi mata magana ba har muka isa rijiya.

Mun ci jarrabawar ƙarshen lakwal tare, muka fara kolej. Amma damina ta gaba ba ta yi kyau ba, ciyawa ta ƙare da wuri, shanun Malam Buba suka fara faɗuwa. Ya zo ya zauna da Baba a zaure suka daɗe, ya ce za su gangara kudu wajen Gaya, kuma ba ya jin za su riƙa hawowa nan kuma. Baba ya roƙi a bar Dija, mahaifiyarta ta ce nisan ya yi yawa. Ranar tafiya Inna ta ɗaure mata ƙuli-ƙuli da garin yaji, ni na ba ta zanena mai ruwan ganye. Kwanakin farko na ji wani sauƙi da ban gaya wa kowa ba. Babu wanda ake kwatanta ni da ita, labarin Baba ya koma kan farashin hatsi. Bayan nan sai tabarmar ta yi mini faɗi. In na je rijiya in ja guga in juye da kaina. In na ci wani abu a aji in waiga baya, in ga wata fuska daban.

Yau da yatsun nan nake ci. Ina buga takardu a wani ofis a Dogon Dutsi, ba na duban madannai, mutane na cewa ina da sauri. Na'urorin da muke aiki da su ba su da bakin faifai ma. 'Ya'yana kowa na neman wayata ya shige ɗaki shi kaɗai, abin da muka yi layi a rana don mu taɓa yana saukowa cikinta kafin a ɗaura zane, in sun gaji su goge su sauko da wani. Ba wanda ke tsaye a bayan wani yana ƙirga masa. Ba su san daɗin abin da aka jira mako guda ba, ba su san zafin ganinsa a hannun wani ba.

Dija ta ƙarasa karatu a can kudu, ta koyi aikin dabbobi, yanzu tana da shagon maganinsu, makiyaya daga ƙetaren iyaka ma wurinta suke zuwa. Bara ta zo gaida Inna da ba ta da lafiya, ta biyo ta gidana da 'yarta. Muka zauna a tsakar gida muna tsinke zogale muna hira, yaran suna gefe da waya. Can na ji shiru. Na waiga sai na ga 'yar Dija riƙe da wayar tana nuna yadda ake wani abu, yatsunta na gudu, tawa kuma ta ja baya kaɗan, ta naɗe hannu, ta turo baki, tana kallo ta wutsiyar ido. Na so in kira ta in gaya mata ta matsa kusa, don baƙin nan gobe za su tafi. Ban kira ta ba, na san ba za ta ji ba. Na juyo wajen Dija na ƙara mata zogale a tire, na roƙe ta ta ƙara kwana ɗaya.

Na yi ƙawaye da yawa tun daga lokacin, masu kirki, waɗanda ban taɓa jin komi a kansu ba sai alheri. Ba ɗaya a cikinsu da nake kewa kamar wadda ta hana ni sakat.